Daga Bagadaza zuwa Tumbuktu: Yadda ake gane yaƙin ƙetare tun kafin ya ƙaraso

A ranar 2 ga Fabrairun 2013, shugaban Faransa na wancan lokaci, Francois Hollande, ya sauka a birnin Tumbuktu na ƙasar Mali. Jama'a suka yi dafifi, ana kiɗa ana rawa, ana ɗaga tutar Faransa. Makonni uku kacal kafin wannan rana sojojinsa suka shigo ƙasar, suka fatattaki masu iƙirarin jihadi da suka shafe watanni suna riƙe da arewacinta. Har kyautar raƙumi aka yi masa. Da ya isa Bamako a wannan ranar, sai ya shaida wa taron jama'a cewa ita ce rana mafi muhimmanci a rayuwarsa ta siyasa.

Shekara tara da rabi bayan haka, a watan Agustan 2022, sojan Faransa na ƙarshe ya fice daga Mali. Babu kiɗa, babu guɗa. Titunan Bamako da aka yi rawa a kansu sun riga sun koma wurin zanga-zangar neman Faransa ta tattara nata ya nata, wasu ma da tutar Rasha a hannu. Rikicin da aka zo kashewa a arewacin Mali kuwa ya riga ya gangaro tsakiyar ƙasar, ya tsallaka Burkina Faso, ya shiga yankin Tillaberi na Nijar.

Duk wanda ya bi tarihin yadda manyan ƙasashe ke tura sojojinsu yaƙi a ƙasashen wasu zai ga cewa labarin Mali tsohon labari ne. Sunan ƙasar kan sauya, kakin sojan kan sauya, amma matakan kusan ɗaya ne. Shi ya sa nake ganin ana iya hango irin wannan yaƙi tun daga nesa, kuma ana iya sanin inda zai ƙare tun kafin a harba harsashin farko. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta. Mu da muke zaune a yankin da idon duniya ke kansa yanzu, sanin waɗannan alamomi ya zame mana dole.

Sai an raɗa wa yaƙi suna mai daɗi

Ba a taɓa yin ƙasar da ta fito fili ta ce za ta shiga ƙasar wasu don biyan buƙatar kanta ba. Kullum akwai hujja mai daɗin ji: ceton bayin Allah, kare farar hula, yaƙi da ta'addanci, ko maido da doka da oda.

Mu fara daga gida. A shekarar 1902 Magajin Keffi ya kashe wani jami'in Birtaniya mai suna Kyaftin Moloney, ya gudu zuwa Kano. Lugard, wanda dama ya daɗe da niyyar cin manyan masarautun Arewa, sai ya haɗa wannan kisa da batun hana cinikin bayi, ya mayar da su hujja. A Fabrairun 1903 Kano ta faɗi, a watan Maris Sakkwato ta biyo baya, a watan Yuli kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya rasa ransa a Burmi. Waɗanda suka zo neman mutum ɗaya ba su tafi ba sai 1960.

A watan Agustan 1964 gwamnatin Amurka ta ce an kai wa jiragen ruwanta hari sau biyu a mashigin tekun Tonkin, kusa da Vietnam. Majalisar dokoki ta ba Shugaba Johnson ikon yin abin da ya ga dama. Daga baya bayanan hukumomin Amurka da kansu suka nuna cewa hari na biyun bai auku ba. Kafin yaƙin ya ƙare, Amurka ta rasa sojoji sama da 58,000, mutanen Vietnam da suka mutu kuwa an ƙiyasta su da miliyoyi.

A ranar 5 ga Fabrairun 2003, sakataren harkokin wajen Amurka, Colin Powell, ya zauna a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana nuna hotuna, yana cewa Saddam Husaini ya mallaki makaman ƙare dangi. Aka mamaye Iraƙi, aka bincike ta ciki da bai, ba a ga makaman ba. Shekaru goma sha uku bayan haka, rahoton kwamitin Chilcot a Birtaniya ya tabbatar da cewa an shiga yaƙin ne tun hanyoyin sulhu ba su ƙare ba.

Wannan hali kuma bai tsaya ga Turawan Yamma ba. Tarayyar Sobiyet ta shiga Afghanistan a Disamban 1979 da sunan taimakon gwamnatin da ta yi ƙawance da ita, amma abin da sojojinta suka fara yi shi ne kashe shugaban ƙasar, Hafizullah Amin. Rasha ta afka wa Ukraine a Fabrairun 2022, ta kuma ƙi kiran abin da sunan yaƙi, ta ce aikin soja ne na musamman.

Abin lura shi ne, sau da yawa hujjar tana da ƙwayar gaskiya a cikinta. Cinikin bayi ya wanzu, Saddam azzalumi ne, Taliban ta ba Usama bin Laden mafaka. Ƙwayar gaskiyar nan ita ke sa mutane haɗiye sauran ba tare da sun tauna ba.

Nasarar makon farko

Mataki na biyu shi ne nasara mai sauri, wadda ke sa kowa ya saki jiki. An fara jefa bama-bamai a Afghanistan ranar 7 ga Oktoban 2001, kafin tsakiyar Nuwamba Taliban ta bar Kabul. An shiga Iraƙi ranar 20 ga Maris na 2003, ranar 9 ga Afrilu aka tumɓuke gunkin Saddam a tsakiyar Bagadaza. Ranar 1 ga Mayu Shugaba Bush ya tsaya a kan jirgin ruwan yaƙi ya sanar da ƙarshen manyan fafatawa. Kusan dukkan sojojin Amurka kimanin 4,500 da suka mutu a Iraƙi, bayan wannan jawabi suka mutu.

Saudiyya da ƙawayenta sun fara luguden wuta a Yaman a watan Maris na 2015, suna sa ran murƙushe 'yan Houthi cikin ɗan lokaci. Sai a 2022 aka samu tsagaita wuta, 'yan Houthi kuma suna nan riƙe da birnin Sana'a. Da ma Masar ta taɓa faɗawa wannan ramin a ƙasar ta Yaman daga 1962 zuwa 1967, lokacin Jamal Abdul Nasir.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. An gina rundunonin manyan ƙasashe ne don karya wata runduna, kuma sun iya wannan aiki sosai. Amma idan abokin gaba ya tuɓe kaki, ya saje da mutanen kasuwa, ya koma ƙauyensu, to jirgin yaƙi ba shi da sauran abin jefa wa bam face gidajen mutane. Kowane gida da aka rusa bisa kuskure, ya haifar wa baƙon sababbin maƙiya. Shi kuma ɗan ƙasa ba ya gaggawa, domin ba shi da wani wurin zuwa. Jira kawai yake yi baƙo ya gaji.

Washegarin nasara

A nan ne yawancin irin waɗannan yaƙe-yaƙe ke lalacewa. An kayar da gwamnati, to wa zai biya albashi a ƙarshen wata? Wa zai tsare kasuwa da dare? Wa zai raba gardama tsakanin ƙabilun da tsohon shugaba ya danne da ƙarfi?

A watan Mayun 2003, Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya riƙe Iraƙi, ya rusa rundunar sojan ƙasar, ya kuma kori manyan 'yan jam'iyyar Ba'ath daga aikin gwamnati. Dubban ɗaruruwan mutane da suka iya harbi suka wayi gari babu aiki, babu albashi, ga iyali. Da yawa daga cikinsu suka shiga tayar da ƙayar baya, wasu tsofaffin hafsoshi kuma daga baya suka zama ƙashin bayan ƙungiyar IS, wadda ta kama birnin Mosul a watan Yunin 2014. Amurka da ta janye sojojinta a ƙarshen 2011, dole ta dawo.

Libiya ta fi kusa da mu. A ranar 17 ga Maris na 2011 Kwamitin Sulhu ya amince da ƙuduri mai lamba 1973, wanda ya ba da izinin kare farar hula da hana jirage shawagi. Cikin ɗan lokaci aikin kare farar hular Bengazi ya rikiɗe ya koma na kawar da Mu'ammar Gaddafi, wanda aka kashe a Sirte ranar 20 ga Oktoba. Daga nan NATO ta naɗe tabarmarta. Libiya ta dare gida biyu, kowane ɓangare da gwamnatinsa da mayaƙansa. A 2016 Shugaba Obama da bakinsa ya amince cewa rashin shirya wa abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskure mafi muni a mulkinsa. A wannan shekarar ce kuma wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya ce an shiga yaƙin bisa bayanai marasa inganci.

Maƙwabci ke biyan bashin

Wanda ya jefa bam daga nesa yakan koma gida. Wanda ke maƙwabtaka da gidan da ya ƙone, shi ke kwana da hayaƙi.

Da gwamnatin Gaddafi ta rushe, aka fasa rumbunan makamai. Mayaƙan Abzinawa da suka yi masa aiki suka koma Mali da motoci cike da bindigogi. A Janairun 2012 tawaye ya ɓarke, a watan Maris sojoji suka kifar da Shugaba Amadou Toumani Toure, cikin 'yan kwanaki kuma Kidal da Gao da Tumbuktu suka suɓuce daga hannun gwamnati. Wannan ne ya jawo shigowar Faransa da na buɗe wannan rubutu da ita. Wato yaƙin ƙetare ɗaya ne ya haifi wani. Makaman kuma ba su tsaya a Mali ba, sun bi tsoffin hanyoyin fatake na Sahara, wasu har yankin Tafkin Chadi. Marigayi Idriss Deby na Chadi ya sha nanata cewa waɗanda suka rusa Libiya sun tafi sun bar wa maƙwabtanta aikin gyara.

Ga abin da bai kamata mu manta ba: Najeriya na cikin Kwamitin Sulhu a lokacin, kuma ta jefa ƙuri'ar amincewa da wancan ƙuduri, ita da Afirka ta Kudu da Gabon. Rasha da China da Jamus da Indiya da Brazil ne suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Da ƙasashen Afirka ukun nan sun janye hannunsu, da ƙudurin bai samu ƙuri'u tara da ake buƙata ba. Da hannunmu muka taya buɗe ƙofar da iska ta shigo mana ta cikinta.

Haka abin yake a wasu wuraren. Yaƙe-yaƙen Afghanistan sun cika Pakistan da Iran da miliyoyin 'yan gudun hijira. Wutar Iraƙi ta tsallaka Siriya. Habasha ta shiga Somaliya a Disamban 2006 don korar Kotunan Musulunci daga Mogadishu, ta fita a farkon 2009, ta bar Al-Shabab ta fi da ƙarfi, har ta riƙa kai hare-hare a Kenya da Uganda. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ranar tafiya a gidan baƙo ake sa ta

Sojan ƙetare ba ya tafiya don aikin ya kammala. Yana tafiya ne idan masu zaɓe a ƙasarsa sun gaji, ko baitulmali ya fara kuka, ko kuma sabon shugaba ya hau da wata manufa dabam.

Amurka ta shiga Somaliya a Disamban 1992 don raba abinci ga masu fama da yunwa. Aikin ya faɗaɗa ya koma farautar Janar Aidid. A watan Oktoban 1993 aka kashe sojojinta 18 a Mogadishu, aka nuna hotunan a talabijin, kafin ƙarshen Maris na 1994 ta kwashe sojojinta. Tarayyar Sobiyet ta bar Afghanistan a Fabrairun 1989 bayan ta rasa sojoji kusan 15,000. A Fabrairun 2020 Amurka ta sa hannu a yarjejeniya da Taliban a birnin Doha ba tare da gwamnatin Afghanistan da ita ta kafa tana kan teburin ba. Ranar 15 ga Agustan 2021 Taliban ta koma Kabul. Duniya ta ga mutane suna maƙale wa jirgin sama a filin jirgin birnin. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi wa baƙin tafinta da direba da gadi, a nan aka bar su.

Darasin ga duk gwamnatin da ta jingina tsaronta da baƙo a fili yake: zanen aro ba ya rufe katara. Faransa ta taɓa girke sojoji sama da 5,000 a yankin Sahel. Bayan Mali, ta bar Burkina Faso da Nijar a 2023, ta bar Chadi a farkon 2025. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas, ta bar shi a 2024. Sojojin hayar Wagner na Rasha da suka maye gurbin Faransa a Mali su ma ba su kawo zaman lafiya ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a garin Moura a watan Maris na 2022, a wani samame na sojojin Mali da baƙin mayaƙa, zargin da gwamnatin Mali ta musanta. A Yulin 2024 kuma 'yan Wagner suka sha mummunan kaye a Tinzawaten. Canza tutar baƙo bai canza yanayin ciwon ba.

Mu ma mun taɓa zama baƙin

Kada mu ɗauka wannan labarin Turawa ne kawai. A watan Agustan 1990, zamanin Janar Babangida, Najeriya ta jagoranci rundunar ECOMOG zuwa Laberiya. An ɗauka aikin ɗan lokaci ne, sai ga shi ya ci shekaru, ya ci rayukan sojojinmu da dama da biliyoyin daloli. Charles Taylor da aka je takawa birki, shi ne ya ci zaɓen 1997, ƙarshe ma a Kalaba aka ba shi mafaka a 2003. A Saliyo kuma sojojinmu sun maido da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah a 1998, a daidai lokacin da mu kanmu muke ƙarƙashin mulkin soja.

Sai kuma abin da ya kusa faruwa a 2023. Sojoji sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli. Kwana huɗu bayan haka ECOWAS ta ba su wa'adin mako guda, tare da barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Duk alamomin da na lissafa sun bayyana a lokacin: ga hujja mai daɗin ji ta kare dimokuraɗiyya, ga tunanin cewa aikin 'yan kwanaki ne, babu kuma wanda ya yi bayanin abin da zai faru washegarin shiga Yamai. Abin da ya taimaka wajen kashe wutar shi ne mutanen da suka san cewa tsakanin Illela da Birnin Konni, ko Jibiya da Maraɗi, dangi ɗaya ne. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan matakin soja, malamai da sarakuna suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai, jama'a suka ɗaga murya. Juyin mulkin bai zama daidai ba don an fasa yaƙin, amma yaƙin da aka fasa ya nuna cewa ana iya tsayar da irin wannan tafiya kafin ta yi nisa.

Inda aka dace

Adalci shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai lokutan da shigar sojan waje ta yi amfani, akwai kuma lokacin da rashin shigar ya zama abin kunya ga duniya. A Ruwanda a 1994 an kashe mutane kimanin 800,000 cikin kwana ɗari, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma rage dakarunta ta yi a daidai lokacin da kisan ke tsananta. Duk wanda ya ce kada a taɓa shiga ko'ina, sai ya shirya amsar da zai ba mutanen Ruwanda.

A 1991 rundunar ƙawance ta kori Iraƙi daga Kuwait cikin makonni shida, ta kuma tsaya ba ta zarce Bagadaza ba. A shekarar 2000 sojojin Birtaniya ƙalilan sun taimaka wajen hana 'yan tawaye kama birnin Freetown. A Janairun 2017 dakarun ECOWAS suka shiga Gambiya, Yahya Jammeh da ya sha kaye a zaɓe ya bar ƙasar ba tare da an gwabza ba.

Me waɗannan suka haɗa? Manufar ƙarama ce kuma a bayyane. Akwai halastacciyar gwamnati da za a miƙa wa ragama. Maƙwabta da yawancin 'yan ƙasa sun yarda. Ba a kuma je da niyyar sake ƙera al'umma ba. Duk da haka, ko a Gambiya, dakarun da suka je aikin 'yan watanni sun shafe shekaru ana ta tsawaita musu wa'adi.

Yaya na gaba zai zo?

Bayan Iraƙi da Afghanistan, manyan ƙasashe sun ji jiki. Ba na tsammanin za mu sake ganin dubban ɗaruruwan sojoji suna sauka a wata ƙasa ta Afirka nan kusa. Abin da ya fi yiwuwa shi ne yaƙi daga sama: jirage marasa matuƙa, makamai masu linzami, da 'yan tsirarun dakaru na musamman da ake kira masu ba da horo. Irin wannan yaƙi ba ya mayar da gawarwaki gida, don haka ba ya tayar da hankalin masu zaɓe, ana iya shekaru ana yin sa shiru. Da yawa daga Amurkawa, har da wasu 'yan majalisarsu, ba su san yawan sojojinsu a Nijar ba sai da aka kashe huɗu daga cikinsu a Tongo Tongo a Oktoban 2017.

Na biyu, masu shigowar sun ƙaru. Turkiyya na da sansani a Mogadishu tun 2017, ta kuma sauya alƙiblar yaƙin Libiya a 2020 da jiragenta marasa matuƙa. Ruwanda ta tura sojoji arewacin Mozambik a 2021. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya daɗe ne saboda kowane ɓangare na da masu ba shi makamai daga waje. Ƙaramar ƙasar Jibuti ita kaɗai tana ɗauke da sansanonin Amurka da Faransa da China da Japan.

Na uku, yawanci da gayyata za a shigo. Gwamnatin da ta kasa tsare jama'arta, ko take tsoron sojojinta, ita za ta buɗe ƙofa, a ƙarƙashin yarjejeniyar da 'yan ƙasa ba su taɓa gani ba.

Wannan magana ta riga ta iso ƙofarmu. A farkon Nuwamban 2025 Shugaba Donald Trump ya yi barazanar ɗaukar matakin soja a Najeriya bisa zargin ana kashe Kiristoci, zargin da gwamnatin tarayya ta ce bai yi wa gaskiyar lamarin adalci ba, tunda Musulmi da Kirista duk ana kashe su. A daren 25 ga Disamba kuma Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato kan waɗanda ta ce mayaƙan IS ne, gwamnatin Najeriya ta ce da saninta da haɗin kanta aka yi.

Na san akwai masu cewa ko wane ne ya zo, in dai zai raba su da 'yan bindiga, maraba lale. Ba na ganin laifin manomin Zamfara da ya shekara biyar bai je gonarsa ba, ko uwar da ta sayar da komai don biyan kuɗin fansa, idan suka faɗi haka. Mutanen Tumbuktu ma da zuciya ɗaya suka yi rawa a 2013. Sai dai a tuna da Tudun Biri a Jihar Kaduna, inda jirgi marar matuƙi na sojojinmu ya hallaka masu taron Maulidi sama da 80 bisa kuskure a Disamban 2023. Namu ne suka yi, mun san ofishin da za mu je, shugabanni suka zo jaje, aka yi alƙawarin bincike. A Kabul kuwa, a Agustan 2021, jirgin Amurka ya kashe mutum goma 'yan gida ɗaya, bakwai daga cikinsu yara, kuma ba a hukunta kowa ba. Idan baƙo ya yi irin wannan kuskure a ƙauyenmu, ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa?

Tambayoyin da ya kamata mu riƙe

Alamomin da ke gabatar yaƙin ƙetare ba su da wuyar ganewa. Idan aka fara taƙaita rikicin ƙasa mai sarƙaƙiya zuwa labarin mugu ɗaya da wanda aka zalunta ɗaya, idan aka fara cewa gwamnatin ƙasar ta kasa ko ba ta da niyya, idan aka fara sa wa'adi na kwanaki, idan kuma wurin na da ma'adinai ko mashigar ruwa ko wata babbar ƙasa na gasa da wata a kansa, to hadari ya haɗo.

A irin wannan lokaci akwai tambayoyi da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida da malamai da sarakuna su dage a kansu. Mece ce takamaimiyar manufar, kuma ta yaya za a san an cim mata? Wa ke zaɓar inda za a kai hari? Wa zai amsa tuhuma idan an kashe farar hula, kuma a wace kotu? Me aka yi alƙawarin bayarwa a madadin taimakon? Yaushe ne ranar tafiya? Idan kuma mu ne za mu tura sojoji waje, tsarin mulkin 1999 ya riga ya wajabta neman amincewar Majalisar Dattawa, bai kamata ta zama ta jeka-na-yi-ka ba.

Muna da abin koyi a tarihinmu. Jim kaɗan bayan samun 'yanci, gwamnatin Tafawa Balewa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Birtaniya. Ɗalibai da 'yan adawa suka tashi tsaye, suka ce wannan 'yanci ne da igiya a wuya. A 1962 aka soke ta.

Babu laifi a karɓi taimakon bayanan sirri, ko kayan aiki, ko horo, matuƙar ragamar na hannunmu kuma sharuɗɗan a fili suke. Amma a duk misalan da na kawo, daga Keffi zuwa Kabul, baƙo bai shigo ba sai da ya tarar da ɓaraka a cikin gida: mulkin danniya, ko rikicin ƙabilanci, ko yankin da gwamnati ta yi watsi da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba mu da iko a kan abin da za a yanke a Washington ko Paris ko Moscow. Abin da ke hannunmu shi ne ɗan sandan da zai kwana a ƙauyen da ke bakin daji, alƙalin da zai hukunta mai kisa ko wane ne shi, albashin sojan da ke bakin daga, da makarantar yaron da 'yan bindiga ke zawarci. Duk shekarar da muka bari ta wuce ba mu yi wannan aiki ba, mun ƙara wa wani hujjar zuwa ya yi mana shi yadda ya ga dama.